Hoton Baffa Manu

Na sauka a Dutse ranar wata Juma'a ana fitowa daga masallaci, da jaka a kafaɗa da kyamarata naɗe cikin tsohon rawani. Daga Taura zuwa Dutse ba wata tafiya ba ce, mutum zai karya kumallo a gida ya yi azahar a can. Na je Ikko, na je Maiduguri, amma ban taɓa zama baƙo irin na waɗannan kwana biyun ba, a cikin jihar da aka binne cibiyata.

Sunana Adamu, malamin gona ne ni. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, so ne kawai. Na sayi kyamarar a hannun wani mai hoton biki da ya daina, tun daga nan duk inda aiki ya kai ni sai na ɗauko wani abu: shanu a mashaya, mata suna kaɗe riɗi, shinkafa a fadama da sanyin safiya. Ba wanda ya koya mini. Shi ya sa da na ga sanarwa a waya cewa wasu ƙwararru daga Abuja za su yi bitar ɗaukar hoto a Dutse, daga Juma'a zuwa Lahadi, da masauki da abinci, ban yi shawara da kowa ba na biya aka sa sunana.

Mai adaidaita ya ajiye ni a Takur, bakin wani gidan baƙi mai doguwar katanga. Na ƙwanƙwasa, maigadi ya leƙo.

"Kai ne mai kawo naman?"

"A'a, bita na zo."

Ya dube ni daga hula har takalmi, sannan ya buɗe ƙofar kaɗan, daidai yadda zan shiga a karkace.

A ciki wata budurwa ce zaune da takardu a gabanta. Ta miƙo mini fom mai shafi uku, Turanci ne ƙanana-ƙanana kamar ƙwan tururuwa, ta nuna mini wuri uku da bakin biro. Akwai mutane a bayana suna jira, sai na sa hannu ban karanta ba. Da na tambayi ɗakina ta duba takarda ta ce an ba wata baƙuwa da ta zo daga nesa, ni da nake ɗan gari ai zan yi haƙuri. Aka zagaya da ni bayan kicin, wani ɗaki kusa da janareta, katifa biyu a ƙasa, ba fanka.

A kan ɗaya katifar na tarar da wani dattijo yana goge gilashin kyamararsa da gefen riga. Ya ce sunansa Bulus, daga Filato, ya yi ritaya daga aikin gidan waya.

"Shigo, Malam," in ji shi. "Na lura da tsarin. Masu dogon gilashi suna sama, mu masu guntu muna nan wajen hayaƙi."

Na yi dariya ba don ina so ba. Ita ce dariyar da na yi ta gaskiya a duk zaman.

Bayan la'asar aka tara mu a falo, mu goma sha biyu. Ni kaɗai ne ɗan Jigawa. Babban malamin sunansa Faruk, ba zai wuce sa'an ƙanina ba, Bahaushe ne amma a waje ya yi karatu, in ya yi jimla ɗaya da Hausa sai ya yi uku da Turanci. Ya ce gobe za a fita da mu wata kasuwar ƙauye gaba da Jahun. Nan wata mata mai manyan tabarau ta ɗaga hannu ta tambaya ko wurin da tsaro, don ta ji an ce Fulani sun yi yawa a yankin. Wani ya ce kowa ya bar lambar wanda zai biya masa kuɗin fansa. Aka kwashe da dariya. Faruk ya nuna ni ya ce kada ta damu, ga ɗan gari nan.

Da layin gabatar da kai ya zo kaina, na ce ni ma'aikacin gwamnati ne. Ban yi ƙarya ba. Amma ban ce a ruga aka haife ni ba, ban ce sai da na shekara tara ina bin shanu kafin in ga allon makaranta ba.

Sannan kowa ya nuna hotunansa a majigi. Na zaɓi guda goma da na fi so. Faruk ya wuce su da sauri, ya tsaya a kan na wasu fararen shanu suna shan ruwa.

"Malam Adamu, waɗannan na kalanda ne. Ina zafin? Ina labarin? Duniya ba ta tsayawa kallon saniya mai ƙiba."

Na so in ce masa saniya mai ƙiba a ƙarshen rani ita ce labarin, don wani ya yi tafiyar kwanaki a ƙasa kafin ta yi ƙibar. Ban faɗa ba. Na gyaɗa kai na rubuta abin da ya ce.

Abincin yamma taliya ce da kabeji da wani abu fari a kai. Na ci loma uku na ture. Na kira Hadiza matata bayan magariba, ta ce tuwon gero suka yi da miyar kuka, har ta manta ta zuba nawa a kwano. Na ce mata komai lafiya, ana koya mana abubuwa sosai.

Da asuba Bulus ne ya taɓa ƙafata ya ce an kira salla a masallacin baya. Da na dawo ya karɓi kyamarata, muka zauna a dakalin kicin, ya nuna mini yadda ake buɗe idon gilashi da rufe shi, da yadda ake tsayawa rana ta zo daga gefe. Bai ɗauki rabin sa'a ba. Duk abin da na koya a bitar nan, a dakalin nan na koye shi.

Da hantsi muka kama hanya a doguwar mota mai sanyi. Gero ya nuna, an fara girbi, dammuna jingine a gonaki. Mun wuce Jahun, asibiti da cunkoson adaidaita, sannan muka saki kwalta. Tun da motar ta karkata na gane kasuwar. Ƙauyen da ke bayanta nan Baffa Manu yake zaune.

Baffa Manu ƙanin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, shi ya sayar da karsana ya kai ni makarantar koyon aikin gona, alhali 'yan'uwa suna cewa ya haukace. A da garkensa in ya taso sai an tsaya an kalla. Ciwon huhu ya ci rabi, ɓarayi suka kore wasu, burtali ya zama gona, sauran suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ƙauye ya zauna yana tuƙa igiya. Rabona da shi shekara biyu. Nakan aika saƙo, nakan ce zan zo bayan girbi.

Muna sauka Faruk ya jawo ni gefe. Tafintan da suka ɗauka bai zo ba, in ji shi, ni zan taimaka. Ya kuma ɗora mini wani faifai mai ƙyalli da ake karkato haske da shi. Haka na wuni kyamarata tana lilo a wuya, ina riƙe faifai, ina roƙon mutane su tsaya. Mutanen kasuwa kuwa ba sa so. Mai tattasai ta rufe fuska da gyale, wani dillali ya ce mu ba shi wuri.

"Ka ce musu hoton na masu ba da tallafi ne," in ji Faruk.

"Akwai tallafin?"

"Duk wanda duniya ta ga hotonsa ai an tallafa masa. Faɗa musu kawai."

Na faɗa. Ni da suka sani, ni da na taɓa kawo musu irin shuka, na buɗe baki na faɗa. Nan da nan fuskoki suka buɗe. Mai tattasai ta sauke gyale. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta ce in rubuta sunanta kada a manta da ita, wasu suka biyo baya. Na juya takardar tsarin bita na yi ta rubuta sunaye a bayanta har ta cika.

Wajen azahar muka gangara kara, inda ake cinikin dabbobi. Ina tafe ina addu'a a zuci. A gindin wata tsamiya, can gefe, na hango shi zaune a kan buhu, igiyoyi da dabaibayi shimfiɗe a gabansa. Ya rame. Idonsa na hagu ya yi fari. Amma yana sanye da shuɗiyar rigarsa ta zuwa kasuwa, wankakkiya, da hula a karye yadda ya saba.

Faruk ya tsaya cak.

"Ga fuskar da nake nema tun safe. Malam Adamu, ajiye faifan nan. Ka wahala, wannan naka ne. Nuna mini ka ji abin da na faɗa jiya."

Baffa ya ɗago kai. Ya kare rana da tafin hannu, ya ƙura mini idon nan mai gani, sai ya dafa tsamiya ya miƙe, fuskarsa duk ta washe.

"Ɓingel am! Kai ne?"

Ɗana, ke nan, da Fulatanci. Haka yake kirana tun ina bin shanu.

Duk suka juyo suna kallona, har da matar mai tabarau. Faruk ya tambaye ni da Hausa, da ƙarfi, "Ka san shi ne?"

Na sha juya wannan lokacin a raina. Ba wanda ya tsare ni da bindiga. Kalma biyu ce, baffana ne, da an wuce wurin. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta wajen aiki ne. Ina zagaya ƙauyukansu."

Hannun da Baffa ya miƙo ya tsaya a iska. A hankali ya mayar da shi ya gyara wuyan rigarsa.

Faruk ya ce rigar ta yi kyau da yawa, a ce ya cire. Hular ma. Kuma ya sauka daga buhun ya zauna a ƙasa, ya riƙe igiya ɗaya, kada ya yi murmushi. Ni na fassara, kalma bayan kalma, ina kallon igiyoyin. Baffa bai tambayi dalili ba. Ya cire hular, ya tuɓe rigar ya ninke ta a kan buhu, ya rage daga shi sai 'yar shara mai huji a kafaɗa. Ya zauna a turɓaya a gaban dillalai da masu awaki, mutumin da a da su ne suke tashi su ba shi wuri.

"In dai aikinka ne, yi," in ji shi.

Na durƙusa. Na buɗe gilashi yadda Bulus ya nuna mini, na matsa rana ta zo daga gefe. Ta cikin kyamara na ga yana kallona, ba fushi, ba roƙo, kallo kawai. Na danna.

Faruk ya leƙa bayan kyamarar ya daki kafaɗata. Sauran suka yi caa a kan Baffa, kowa yana ɗauka. Kafin su gama aka busa ƙahon mota. Na bi su. Ban ko tsaya na ga ya mayar da rigarsa ba.

A hanyar dawowa aka karɓi katin kyamarar kowa aka kwashe hotuna a kwamfuta. Bulus yana gefena, yana kallon taga har Dutse.

Ranar Lahadi da safe aka sake tara mu a falo. Hoton ƙarshe da aka haska shi ne nawa, ya cika bango. An mayar da shi baƙi da fari, an ƙara wa ƙasusuwan wuyansa duhu. A ƙasa an rubuta da Turanci wai makiyayi na ƙarshe, wanda kowa ya yashe. Aka yi tafi. Faruk ya ce shi ne gwarzon hoton bita, kuma za su kai shi baje koli a Abuja. Matar mai tabarau ta share hawaye ta ce idon tsohon ya shiga ranta.

Na miƙe.

"A cire shi. Ban yarda a kai shi ko'ina ba. Baffana ne, shi ya rene ni."

Faruk ya yi ɗan murmushi.

"Jiya ka ce ba ka san shi ba sai ta wajen aiki."

"Ƙarya na yi."

"To wannan tsakaninka da shi ne." Ya yafito budurwar nan ta kawo fom ɗina, ya buɗe shafi na uku ya sa yatsa. Duk hoton da aka ɗauka a lokacin bita mallakar masu shirya ta ne. Ga sa hannuna a ƙasa. "Kuma ka duba, Malam Adamu, yanzu labarin ya ma fi ƙarfi."

Bulus ne kaɗai ya tashi. Ya ce shekarunsa sittin da wani abu, bai taɓa ganin an tuɓe dattijo a kasuwa an kira abin koyarwa ba. Wani ya ce a zauna, lokaci yana tafiya, akwai masu hawa jirgi a Kano. Aka ci gaba da rabon takardun shaida. Da aka kira sunana ban fita ba. Na zagaya bayan kicin na ɗauki jakata.

Ina bakin titi ina jiran adaidaita Bulus ya fito, ya ce in raka shi wani wuri. Muka je wani shagon wankin hoto a cikin gari, ya ba su kati, muka zauna a benci. Da aka miƙo ambulan sai ya ba ni. Baffa ne a tsaye, da shuɗiyar riga da hula, hannu a miƙe, baki har kunne. Daidai lokacin da ya gane ni.

"Ban ba su wannan ba, kati biyu gare ni," in ji Bulus. "Tun kafin ka yi magana na san naka ne. Ba a yi wa malamin gona irin wannan dariyar. Kai masa. Kada ka wuce gida, yau ka kai masa."

Ya raka ni tasha, ya saya mini ruwa da gyaɗa, ya tsaya har motar ta cika. Ban sake ganinsa ba, sai gaisuwa a waya lokacin Sallah da Kirsimeti.

Na sauka a Jahun na hau babur zuwa ƙauyen. Tun daga nesa na ga mutane a ƙofar gidan Baffa, mata a gefe, maza a gindin darbejiya. Suna ganina suka taso. Ashe tun jiya suke masa sintiri, wai tunda ɗansa ne mai rubuta sunaye ya sa baki a sa nasu. Tsohuwar nan tana ciki, ta zo da 'yar'uwarta makauniya.

Na nemi mai unguwa, na tsaya a gabansu na ce babu wani tallafi, ba a taɓa shirya shi ba, ni na faɗa kuma ƙarya ce. Na fito da takardar sunayen na ba mai unguwa. Wani ya yi tsaki. Tsohuwar ta ce Allah ya isa, ba da ƙarfi ba, ta ja hannun 'yar'uwarta suka tafi. Mai unguwa ya ce, "Da baƙi ne suka faɗa da ba mu yarda ba. Kai muka gani."

Baffa yana cikin zaure yana tuƙa rama a cinyarsa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce na zo neman gafara. Ya ci gaba da tuƙa har igiyar ta kai ƙarshe ya ƙulle bakinta, sannan ya karɓi ambulan ɗin. Ya kai hoton kusa da idonsa mai gani, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba kai ka ɗauka ba."

"Ba ni ba ne, Baffa."

"Na sani. Lokacin nan ƙasa kake kallo." Ya sa hoton a aljihun rigarsa. "Wancan fa, ya yi kyau? Sun yaba maka?"

"Sun yaba."

"To madalla. Ba a tuɓe ni a banza ba."

Ya sa aka kawo mini fura. Ya tambayi Hadiza da yara, kowa da sunansa. Da na sake ɗauko maganar gafara ya ce ya yafe, duniya da lahira, in tashi kada in rasa mota.

Bayan wata biyu wani abokin aikina ya nuna mini hoton a wayarsa, rataye a wani farin bango a Abuja, mutane tsaye a gabansa da kofuna a hannu. Sunan ƙungiyarsu ne a ƙasa. Na rubuta musu sau uku, ba amsa. Kyamarar tana nan cikin akwati. Hadiza takan ce in fito da ita ko don yara, nakan ce sai an kwana biyu.

Yanzu duk wata ina zuwa ƙauyen. Na kai shi asibitin Jahun an duba idon, an ce a bari sai ya ƙara nuna a yi aiki. Yana karɓar abin da na kai, yana sa albarka, yana sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa don baƙi. Bai taɓa tayar da maganar kasuwa ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da na yi sallama a zauren nan, yakan ajiye igiya ya ɗago kai ya ce, "Maraba da malamin gona."